Kan da Baba Ya Toshe wa Kunne

Ban sayar da kan ba. Da wannan zan fara, domin ita ce maganar da kuke ji a bakin 'ya'yan kawunku Bawa tun shekarar da abin ya faru, ni kuma ban taɓa tsayawa na ba kowa amsa ba. Kun san ni, ba na son doguwar magana. Ban yi boko ba. 'Yar'uwarku Hadiza ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gaya mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Kan yana nan cikin kwallar da ke ƙarƙashin gadona. Mai shakka ya zo ya ɗaga murfi.

Kakanku maharbi ne, a ƙauyenmu da yanzu kwalta da gidajen bene suka hau kansa. Da naman gada da barewa da gwanki ya raine mu. Wata shekara ya bi abokan farauta har hayin Binuwai, cikin kurmi, ya dawo da kai guda a jakar fata, ba ya ko dariya. Ya ce a bakin rafi ya ga dabbar. Ba ta kai akuya girma ba, kofatonta irin na gada, tana tuƙa kamar tunkiya, jikinta da zane-zanen fari. Amma ba ta da ƙaho, kuma fiƙoƙi biyu sun sauko mata daga baki kamar na kare. Da ta ji motsinsa sai ta faɗa ruwa ta nutse. Ya jira ta fito, ya harbe ta. Bayan ya harba ne tsoro ya kama shi. A wurin maharba irin su Baba, dabbar da ka san sunanta ka san yadda za ka ba ta haƙuri. Wannan kuwa ba wanda ya san ta, har tsofaffin da suka tafi tare. Sai ya narka kakin zuma ya toshe mata kunnuwa, don kada ta ji sunan wani a gidan ta bi shi. Ya kafa mana doka biyu. In an buɗe kwallar, ba a kiran sunan kowa, ko da toshiyar tana nan. Kuma duk shekara in an ɗebi zuma, babban ɗan gida ya duba kakin, ya ƙara inda ya tsage. Baƙuwa muke ce mata.

Da ciwon ajali ya kama Baba, ya kira mu mu biyu, ni da Yaya Bawa.

"Kaki aikinka ne, kai ne babba," ya ce wa Yaya. "Amma ajiya ta wannan ce."

"Baba, mace?"

"Kai bakinka ba ya rufuwa. Kafin sati ka karanta mata sunan duk 'yan garin nan. Wannan kuwa sai ta wuni ba a ji muryarta ba."

Haka kwallar ta zama tawa. Da katafila ta shigo ƙauyenmu, ita na fara ɗorawa a ka kafin tukunya. Rusau ya bi mu daga wannan unguwa zuwa waccan, babanku ya rasu, na binne 'ya'ya biyu kafin ku, kwallar tana tare da ni. A ƙarshe na samu ɗaki a Mararaba da rumfa a gefen kasuwar Gudu, ina sayar da farfesun kai. Yaya ya zauna a Tungan Maje, duk shekara ya zo da kakinsa a leda, ya yi aikinsa, ya ci tuwo, ya cika ni da surutu ya tafi. Shi tsoron Baƙuwa yake. Ni ban taɓa jin tsoronta sosai ba. Abin da ke cina shi ne ban san ko wace ce ba. Kullum hannuna cikin kawuna yake, na akuya, na rago, na sa, ina babbakewa ina fasawa. Ban taɓa cin karo da mai kama da ita ba. In na dawo gida kafin ku taso daga makaranta, nakan ɗaga murfi in dube ta, ita ma ta dube ni da ramukan idanunta, in mayar in rufe.

A shekarar da nake ba ku labari, wata yarinya ta fara zuwa rumfata cin abincin rana. Siririya, da tabarau, 'yar wajen Filato. Ba ta ci sosai. Sai ta yi ta tonon kwano da yatsa har ta samo wani ɗan ƙashi da ke gindin kunne, ta tsotse shi fes, ta naɗe a takarda ta sa a jaka. Na san ƙashin. Shi ne ke karya min bakin gatari, na sha tsine masa. Malam Iro mahauci, wanda ke kawo min kawuna, shi ya fara tsokana.

"Asabe, ki buɗe ido. 'Yar gayun nan asiri take haɗa miki, za ta kwashe miki ciniki."

"In ciniki take so ta zo ta yi babbaka, hayaƙi ya kore ta."

Amma abin ya tsaya min a rai. Washegari da ta naɗe ƙashinta, na tsaya a kanta da ludayi a hannu.

"Ke, 'yar nan. Mayya ce ke, ko kare gare ki a gida?"

Ta yi dariya har ta ƙware, sai da na ba ta ruwa.

"Mama, kada ka ji tsoro. Sunana Rifkatu. Aiki ne nake yi da shi."

Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta ce a ƙasar waje take aikin bincike, ta zo gida duba wasu ƙasusuwa da aka adana. Ta ciro waya ta nuna min hoton wata dabba mai kama da barewa, amma ƙahonta ya yi rassa kamar bishiyar da ta zubar da ganye. Ta ce a ƙasashen sanyi suke, mu ba mu da su, kuma duk shekara ƙahon yana faɗuwa ya sake tsirowa.

"Ƙarya," na ce.

Ta nuna min mai motsi. Ga dabbar ta girgiza kai, ƙahon ya faɗi ƙasa, ta yi tsalle ta gudu kamar ita ma ta tsorata. Na ce ta sake. Ta sake. Miya ta kusa kamawa a wuta ina kallo.

Aikinta, in ji ta, shi ne gano yadda waɗannan masu rassan ƙaho suka samo asali, wa ya fito daga wa, da inda suka rabu da danginsu irin su gada da barewa. Wasu sun ƙare tun kafin a yi mutane, sai ƙasusuwansu da ake tonowa cikin dutse. Ta ce ƙaho yana ruɗin mutum. Haƙori yana bin abinci, ƙafa tana bin irin ƙasar da ake takawa, sai ka ga baƙi biyu sun yi kama alhali ba abin da ya haɗa su. Amma cikin wannan ɗan ƙashin akwai wani ƙaramin ɗaki. Tun dabba tana cikin uwarta yake gama ginuwa, ba ya ƙara canzawa. A nan kamannin dangi ke ɓuya. Na gane maganar nan take, don duk jinin Baba ƙaramin yatsan ƙafarmu a karkace yake. Mai ƙiba, mai rama, wadda ta shafa man bilicin ta koma fara, a cire takalmi kawai.

"To ai Allah ne ya halicce su," na ce mata.

"Ni ma ina zuwa coci, Mama. Yadda aka yi aikin nake dubawa."

Na ɗauki ƙashi guda na juya shi a tafin hannu. Shekara da shekaru ina jefa wa karnuka, ban san akwai ɗaki a ciki ba.

Na jima ina auna ta kafin na yi tambayata. Ranar da na yi, ban ɗaga kai daga tukunya ba.

"Akwai mai tuƙa, mai kofato, ba ƙaho, da fiƙa irin ta kare, tana nutso a ruwa?"

Na ji ta ajiye cokali.

"A ina ka gani, Mama?"

Ranar Lahadi bayan ta taso daga cocinta na kai ta Mararaba. A bakin ƙofa na gaya mata dokar: ba suna, ba taɓa kaki. Ba ta yi dariya ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa gaban kwallar, ta daɗe tana kallo, hannunta a baya kamar wadda ke tsoron kada ya yi mata gardama. Da muka rufe muka fito, ta faɗi sunan dabbar da Turanci. Ta ce har yanzu akwai su a kurmin kudu, sai dai sun yi ƙaranci. Sunan bai zauna a bakina ba, kuma bai ƙosar da ni ba.

Na ce, "Suna ba amsa ba ne. Ni ma an san sunana a kasuwa, ba a san ubana ba. 'Yar gidan wa ce?"

Ta ce littattafai sun faɗi wani abu a kai, amma in ina so in gani da idona, sai an leƙa cikin kunnen, kuma ita ma aikinta yana buƙatar irin wannan kan, na wannan yanki. Akwai injin da ke gani cikin ƙashi ba tare da an fasa ba, ko kakin ba za a taɓa ba. Na asibitocinmu ba ya kama abu ƙarami haka. Mai kamawa yana can inda take aiki. Ke nan sai Baƙuwa ta hau jirgi, da takardun hukuma, ta yi watanni a waje. Ko kwabo ban karɓa ba, ba ta ma yi gigin tayawa ba. Sharaɗi ɗaya na ba ta: ta dawo min da ita, ta kuma nuna min abin da ta gani.

Ban yi abin a ɓoye ba. Wannan ma ku riƙe. Na shiga mota na tafi Tungan Maje na sami Yaya a gindin mangwaronsa, na gaya masa duka.

"Kin haukace? Injin da ke gani har cikin kunne, ai ya buɗe kunnen ke nan."

"Gani daban, ji daban, Yaya."

"Baba cewa ya yi a rufe."

"Cewa ya yi kada ta ji. Bai ce kada mu sani ba."

"Ki sani ki yi me da shi? Ki zuba a farfesu? Shekara nawa muna zaune lafiya da ita?"

"Lafiya? Ina ƙauyenmu?"

Ya kau da kai. Sannan ya ce, "In ta fita daga ɗakinki, ke ma kin fita daga gidana."

"Na ji," na ce. Na tashi. Da takardun suka fito, na naɗe kan da tsohon zanen Inna na miƙa wa Rifkatu.

Ga abin da ya biyo baya. Da damina ta sauka, jiri ya kama Yaya. In ya tashi tsaye sai duniya ta juya masa, ya faɗi. Ya faɗi a masallaci, ya faɗi a bakin rijiya. Ba sai an gaya muku wa aka ɗora wa laifi ba. Aka ce an buɗe kunnen Baƙuwa a ƙasar Turawa, ta ji sunansa. Aka ce na sayar da ita na sayi fili, ni da har yau nake haya. Ya daina kiran sunana, sai dai "waccan". Cikin wannan hali aka yi bikin 'yarsa Binta, wadda na goya, wadda a bayana ta koyi cewa "ruwa". Ba a gaya min ba, a kasuwa na ji. Duk da haka na dafa babbar tukunyar farfesu na ɗauka har ƙofar gidan. Matarsa, Yaya Talatu, ta tare ni a waje.

"Ya ce kada waccan ta shigo. Ki yi haƙuri, ni 'yar aike ce."

"Tukunyar fa?"

"Har ita."

Na juya da ita. A tashar Zuba na sauke, na raba wa direbobi da masu dako, suna ta sa min albarka suna tambaya ko sadakar wa ce. Ban ga Binta cikin lalle ba, ban raka ta ɗakinta ba. Wannan ba ya dawowa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, da lokacin da Rifkatu ta ce za ta dawo ya wuce, ga Yaya yana faɗuwa, ga kwalla wayam, ni ma na fara tambayar kaina ko Baba ya san wani abu da ban sani ba.

Sai da zafin bazara ya shigo ta dawo, ta yi baƙi ta rame, da akwati mai soso a ciki. Kafin gaisuwa na karɓa na duba kunnuwan. Ga kakin Yaya na ƙarshe, ga shatin babban yatsansa a kai, ko gezau. Na mayar da Baƙuwa kwallarta na rufe, sannan na ce wa yarinyar sannu da zuwa.

Ta buɗe kwamfuta a kan tabarmata. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Wani abu ne yana juyawa shi kaɗai cikin duhu, gefe ɗaya a naɗe kamar katantanwa, ɗaya gefen da ƙawanya uku, kowace ta fuskanci wajenta. A zahiri, in ji ta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Katantanwar ita ke ji. Ta jera na sauran a gefensa: na mai rassan ƙaho, na gada, na raƙumin dawa. Da farko duk iri ɗaya na gani. Ta yi ta nuna min da bakin biro, nan naɗin ya fi yawa, nan ƙawanyar ta fi faɗi, nan wata 'yar hanya ta fito ta wani gefe, har idona ya waye, na fara rarrabe su kamar yadda nake rarrabe kan akuya da na tunkiya bayan an babbake. Sannan ta nuna min zanen bishiya. Masu rassan ƙaho suna can sama a reshensu. Gada da barewa da shanu suna wani reshe. Na nemi Baƙuwa a sama ban gan ta ba. Rifkatu ta sauke biron har kusa da gindi, inda wani siririn reshe ya fita shi kaɗai.

"Ga shi nan, Mama. Gidansu ya rabu tun kafin sauran su fara ƙaho."

"Uwarsu ce?"

"A'a. Kamar 'yar'uwar kakar kakarsu. Sauran suka fita fili suka yi ƙaho, ita ta zauna bakin ruwa da haƙoranta. Da kunnenta muke gane abin da sauran suka ƙaro daga baya."

Na daɗe ina kallon reshen. Wato wadda muka yi ta kira Baƙuwa, gidansu ne mafi tsufa a unguwar. Na tuna ranar da wani yaro mai hular kwano daga cikin masu rusau ya tsaya a kan gonar Baba yana tambayata daga wace jiha na zo.

"Ƙawanyoyin nan fa, me suke yi?"

Ta ce ruwa ne a cikinsu. In kai ya karkata ruwan ya motsa, jiki ya san inda sama take da inda ƙasa take. Mu ma muna da su. In suka samu matsala, sai mutum ya ga duniya tana juyawa. Na dube ta. Na ba ta labarin Yaya. Ta ce ita ba likitar mutane ba ce, amma a kai shi wurin likitan kunne, kada a tsaya. Kafin ta tafi ta ciro wani abu daga jaka ta sa min a hannu: kunnen Baƙuwa ne aka ƙera da farar roba, aka girmama shi ya kai dunƙulen hannu.

Daga baya an kai kawunku asibiti, jirin ya yi sauƙi, ya ƙara shekaru yana damun mutane da surutu. Ciwon da ya ɗauke shi daban ne. Amma abin da ya faru ranar da na koma Tungan Maje, ba wanda ya gani sai Yaya Talatu, ita kuma ba ta gaya wa 'ya'yanta ba har ta bi shi. Shi ya sa nake faɗa.

Na je da kwallar a ka. Yaya Talatu ta sake tare ni, sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Bar waccan ta shigo."

Yana kwance a tabarma gindin mangwaro, ya rame. Na sauke, na buɗe, na zauna. Ya tashi da ƙyar yana dafa ƙasa. Ya ɗauki kan, ya bi kunnen dama da yatsa, ya bi na hagu. Ya ga shatin yatsansa. Na ciro na robar na ajiye masa a cinya. Ya ɗaga shi sama, ya juya, ya leƙa ta cikin ƙawanyoyin, ya bi naɗin katantanwar da farce har tsakiya.

"Wannan ne a ciki?"

"Shi ne."

"Yana ji?"

"Roba ce."

Ya harare ni. Ya yi wa matarsa alama da hannu, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin leda. Kakin zuma ne, sabo. Ashe da lokacin ɗibar zuma ya zo ya aika an sayo masa kamar kullum, ko da yake ba kan da zai sa wa. Ta kawo garwashi a kasko. Ya tausasa kakin, ya ƙara wa Baƙuwa dama da hagu, ya danna da babban yatsa. Sannan ya gutsuri ɗan kaɗan, ya nemi wani ɗan gurbi a jikin na robar, ya liƙe shi tsaf. Ya mayar da kan, ya rufe kwallar, ya gwada murfin ya ji ya zauna.

"Asabe."

"Na'am, Yaya."

"Tun ina yaro nake son sani, tsoron Baba ya hana ni tambaya. 'Yar gidan wa ce?"

Na ɗauki tsinke na zana masa bishiyar a ƙasa. Bai bar ni na kai gindi ba ya fara katse ni. Me ya sa ƙahon ke faɗuwa? In ya faɗi wa ke tsinta? Raƙumin dawa da wannan wuyan, kunnensa bai fi haka ba? Nasa kunnen shi ma ƙawanya uku ne, ko na babban gida ya fi yawa? Wasu na amsa, wasu na ce ban sani ba, ya ce to me na tsaya yi ban tambayi yarinyar ba. Yaya Talatu ta kawo abinci ya huce a gabanmu. Ni da ba na magana, ranar sai da muryata ta dushe.